Idon Ɗan Wasa da Gashin Kyanwa

Abin da ya fi ba mu wahala a sana'ar haɗa zane da mutane a fim, tun kafin kwamfuta ta shigo, shi ne ido. Ɗan wasa na tsaye gaban kyamara yana hira da abin da babu shi, sai wata 'yar ƙwallo da aka kafa masa a kan sanda. Idonsa na kaucewa kaɗan, ko yaron goye zai gane ana yi masa wayo. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa gajiya da yabon Bob Hoskins a Who Framed Roger Rabbit na 1988. Zomon fim ɗin kuwa da hannu Richard Williams da mutanensa suka zana shi a Landan, takarda bayan takarda, har da wurin da fitila ke lilo, inuwa na bin ta.

Da kwamfuta ta zo, Casper na 1995 ya buɗe ƙofa, amma shi fatalwa ne, ba gashi ba nauyi. Garfield na 2004 ne ya tona mana asiri. Kyanwar Jim Davis da ta bazu a jaridu a 1978, duk lalacinta da rainin wayonta a runtsattsen ido suke. Muka lulluɓe ta da gashi sili-sili, aka kuma ajiye mata kare na gaske a matsayin Odie. Gwaninta ta fito, halin ya dusashe.

Sai 'yan shuɗayen nan, Smurfs, waɗanda Peyo ɗan Beljiyam ya ƙirƙiro a mujallar Spirou a 1958. A 2011 kamfanin Sony ya kwaso su daga ƙauyensu ya zube a New York, Hank Azaria na farautarsu a matsayin Gargamel. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: uban da zai sayi tikiti yana son fuskar da ya sani. Ni dai a ganina ƙauyen ne labarin, amma wa zai ja da fim ɗin da ya tara sama da dala miliyan 560? Na biyu ya fito a 2013, kasuwa ta ja baya. A 2017 aka sallami mutanen gaba ɗaya, aka mai da Smurfs gida, zane zalla.