Tunkuza: Tarihin Abin da Ke Saura Bayan An Matse Mai



Masu nazarin tarihin ciniki sun fi kula da abin da ake kai wa kasuwa, watau mai da auduga da fatu. Ni kuwa ina so mu dubi abin da ke saura a turmi bayan mai ya fita, domin a nan ake gane zurfin sanin masu sana'a.

Bari mu fara da ƙasashen Bahar Rum. 'Ya'yan zaitun ba su cika ba da mai fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinsu ba. Sauran duk tuƙa ce da ƙwallo da wani baƙin ruwa mai ɗaci, wanda in ya kwarara cikin kogi sai kifi ya mutu. Rumawan dā sukan zuba ruwan nan don kashe ciyawa da ƙwari. Daga shekarun 1990 masana'antun Sifen suka sake injunansu, har ya zama ana tatso mai na biyu daga tuƙar, ana ƙona ƙwallon don samar da lantarki, ana kuma tace sinadarai masu tsada daga ɗacin.

To, mu gyaɗa Allah ya ba mu, ko gujiya kamar yadda bakin Kabi da Sakkwato ke cewa. Ita kusan rabinta mai ne, kuma abin da ya rage abinci ne. Matan Jega da Aliero da Maiyama sun daɗe da warware wannan al'amari a cikin gidajensu. Mace takan soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, ta niƙa, sa'an nan ta yi ta juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Tunkuzar da ta saura sai ta mulmula ta, ta soya ta cikin man da ya fito daga jikinta, ta zama ƙuli-ƙuli. Ku lura da wannan hikima: man ne ke soya ragowarsa, ya mai da abin da zai lalace cikin 'yan kwanaki abin da fatake za su yi guzuri da shi. Mahauci na jiran garin ƙuli don yajin tsire, mai kilishi na jiran tunkuza, mai kwaɗon zogale haka nan. Harawa ta tafi ga tumaki, ɓawo ya shiga murhu. Kasuwar Jega, wadda ta shahara tun ƙarni na 19, ta rayu da irin waɗannan ƙananan sana'o'i kamar yadda ta rayu da manyan.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ya juya akalar gyaɗa zuwa teku. Aka yi dalar gyaɗa, aka kafa hukumar cinikinta a 1949. Muna alfahari da dalar nan, amma ni a ganina akwai abin dubawa. Mafi yawan buhunan ƙwaya ce aka fitar ba a matse ba, saboda haka man da tunkuzar duk a Turai aka ci ribarsu, shanun Ingila suka yi ƙiba da abin da ya kamata namu su ci. Farin 1973 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar. Sana'ar mata ta ci gaba.

Sai dai tunkuza na da abokin gaba. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin tunkuzar da aka kawo daga Barazil. Bincike ya gano dafin da fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, wanda ake kira afilatokzin, kuma yana jawo ciwon dajin hanta. Mafi yawan dafin nan a tunkuza yake tsayawa, kuma suya ba ta kawar da shi. Daɗin daɗawa, ƙwayar da ta motse ko ta fashe ita ce mai araha, ita ce kuma ta fi ɗaukar dafin. Jami'ar kimiyya da aka kafa a Aliero a 2006 tana tsakiyar waɗannan garuruwa, kuma ina ganin aikin da ya fi cancanta da ɗakunan gwajinta shi ne auna ƙuli-ƙulin da yara ke saye a ƙofar makaranta, da koya wa masu matsa yadda za su tsince gyaɗa kafin ta shiga kasko.