Lallaɓa Ruwa a Fezzan

Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Garamantawan Jarma suka haƙa ɗaruruwan magudanan ƙarƙashin ƙasa a Wadi al-Ajal don shayar da alkama da dabino. Da ruwan ya ja baya, daularsu ta bi shi.

Su kuwa mutanen Dawada na tafkin Gabraun, 'yan mitsi-mitsin jatan lande suke tacewa daga ruwan gishiri, har aka tashe su a shekarun 1980.

Ni nan Abdulkafi, cikin Sabha, ni ma ruwan nake lallaɓawa. Tankin roba na raba biyu: karfasa a ƙasa, tsakuwa da na'ana'a a sama. Famfo ya hau da ruwan kashin kifi, saiwoyi su tace, ya dawo. Ɗauke wuta ce damuwata. Famfo na tsayawa a zafin Yuli, sai kifi ya taso yana haki.