Asalin Sunan Gadarif: Kasuwa ko Duwatsu?

Tun daga watan Disamba na 2023, sa'ad da yaƙin Sudan ya ci Wad Madani jama'a suka kwararo gabas da kayansu a ka, sunan Gadarif ya yawaita a bakunan mutane, har a Kano da Maraɗi ana jin sa a rediyo. Kuma bisa ga al'ada, idan baƙi suka yi yawa a gari suna tambaya, sai tsohuwar gardama ta farfaɗo a majalisun dattawa, wato daga ina garin ya samo wannan suna.

Labarin zamanin farko gajere ne. Makiyayan Shukuriyya ne ke kai da komowa da raƙumansu a filin Butana, kasuwa kuwa ta kafu a inda hanyoyin Sinnar da Kasala da Habasha suka haɗu, har a zamanin Turkawa, waɗanda suka shigo Sudan a 1820, aka san ta da Suk Abu Sin, saboda gidan Shaihu Ahmad Abu Sin, shugaban Shukuriyya wanda ya rasu a 1870.

Ƙaulin da ya fi shahara shi ne, wai idan kasuwa ta kusa tashi, mai shela yakan hau tudu ya ɗaga murya da Larabci cewa "illi gada yarif", ma'ana wanda ya gama cinikinsa ya kama hanya, har yau da gobe ta naɗe kalmomin suka zama Gadarif. Ruwaya ce mai daɗin ji, kuma ba na mamakin yadda 'yan'uwanmu Hausawa suka rungume ta, domin mu mutanen fatauci ne, duk labarin da ya fito daga kasuwa muna saurin gaskata shi. Amma kasuwar da ta riga ta yi suna da gidan sarauta, me zai sa ta bar shi ta ɗauki kiran mai shela?

Ƙauli na biyu, wanda shi na riƙe, cewa ya yi sunan daga duwatsun da suka kewaye garin ya fito, domin Larabawa sun kamanta su da guringuntsi, wanda jam'insa a luggarsu "gadarif" ne. Masu inkari sukan kawo hujjar rubutu, su ce sunan garin da ƙafun ake rubuta shi alhali guringuntsi da gainun yake. Sai dai duk wanda ya zauna da mutanen Sudan ya san yadda harshensu ke musanya waɗannan haruffa biyu, har a bakin masu ilimi. Ɗabi'ar ɗan Adam ce kuma ya raɗa wa tsauni sunan abin da ya yi kama da shi: mutanen Sifaniya suna ce wa jerin duwatsu "sierra", wato zarto, saboda haƙoransa, mu ma da gaɓoɓin jiki muke auna ƙasa, mu ce gindin dutse, mu ce bakin rafi. Matafiyin da ya kwana da kwanaki yana ratsa shimfiɗaɗɗiyar baƙar laka, wadda da rani take tsagewa har hannu ya shige, da damina kuwa ta ƙwace wa mutum takalmi, lalle tudu ne farkon abin da idonsa zai kama, kuma da shi zai yi wa na bayansa kwatance.

Kakanninmu sun tarar da sunan ya riga ya zauna. Takarir, wato mutanen Afirka ta Yamma, sun daɗe a Gallabat bisa hanyar hajji, can inda Sarkin Habasha Yohannes ya gamu da ajalinsa a hannun Ansaru, mabiya Mahadi, a 1889. Amma babbar ƙaura ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 ne, da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja jama'a zuwa bakin Shuɗin Nilu. Jirgin ƙasa ya iso Gadarif a 1928, noman tarakta ya soma a Gadambaliya ta yankin wajen 1945, yankan riɗi da girbin dawa suka jawo masu ƙwadago, da yawansu suka kafa bukkokin ciyawa masu tsinin kai, ba su koma ba.

Saboda haka a wurina mai shela ƙagen masu hira ne, duwatsu su ne masu suna; wanda ke da hujjar da ta fi wannan, ya kawo ta mu gani.