Wa Ke Biyan Kuɗin Gwiwa? Waiwaye kan Dogon Kwantiragi a Ƙwallon Ƙafa

A ƙarshen watan Agustan 2022 Chelsea ta biya Leicester kimanin fam miliyan 70 ta ɗauki Wesley Fofana, ta ba shi kwantiragin shekara bakwai. Shekara guda kafin nan yaron ya karye a ƙafa a wasan sada zumunta da Villarreal. Bai cika shekara a Landan ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakar 2023/24 ta zo ta wuce bai buga ko wasa ɗaya ba. Romeo Lavia, wanda shi ma shekara bakwai aka rubuta masa, sau ɗaya aka gan shi a fili a wannan kakar, na kusan rabin awa. Masu zama gidajen kallon ƙwallo a Nasarawa da Badariya da Gesse sun san irin tsiyar da magoya bayan Chelsea suka sha a Birnin Kebbi a kan wannan ciniki. Hukuncin da aka yanke a kan benci ɗaya ne: kulob ya yi cinikin biri a sama, ya ɗaure kansa da majinyata.

Akwai gaskiya a wannan hukunci. Sai dai tambayar da ta fi damuna ba a cika yin ta ba: idan kulob bai ɗauki asarar gwiwar da ta lalace ba, wa zai ɗauka? Tarihin ƙwallo ya amsa ta tun da daɗewa, kuma amsar ba ta da daɗi.

A Ingila aka fara biyan 'yan wasa a hukumance a 1885. Daga 1893 kulob-kulob suka kafa tsarin da ya ba su ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da yarjejeniyarsa ta ƙare. Yarjejeniyar kuwa yawanci ta shekara guda ce. Idan yana da lafiya, ba shi da ikon tafiya sai da yardar kulob. Idan ya nakasa, kulob na da ikon sallamarsa da zarar kaka ta ƙare. Albashi ma an yi masa iyaka, har zuwa Janairun 1961 ba wanda ke karɓar fiye da fam 20 a mako, sai da ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki aka cire iyakar. A 1963 George Eastham ya kai Newcastle kotu, alƙali ya ce tsarin riƙe rajista ya tauye 'yancin neman abinci. Ilimin likitanci na lokacin shi ma bai kai ga gyara gwiwa ba. Brian Clough, wanda ya ci ƙwallo 251 a wasannin lig 274, ya ji rauni a gwiwa ranar 26 ga Disamban 1962 yana buga wa Sunderland. Ya yi ƙoƙarin dawowa, wasa uku ya buga ya haƙura yana da shekara 29.

Abin da ya juya al'amarin gaba ɗaya shi ne shari'ar Jean-Marc Bosman, ɗan Beljiyam da kulob ɗinsa na Liège ya hana komawa Dunkerque ta Faransa bayan kwantiraginsa ya ƙare a 1990. Ranar 15 ga Disamban 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba tare da an biya tsohon kulob ɗinsa ko kwabo ba. Daga ranar lissafi ya canza. Kulob ɗin da ya sayi ɗan wasa da tsada, in ya bar takardarsa ta kusa ƙarewa, zai wayi gari dukiyarsa ta fita ƙofa kyauta. Maganin shi ne a tsawaita kwantiragi, shekara huɗu, shekara biyar. Ba tausayi ya kawo wannan ba, tsoron asara ne. Amma da kulob ya ɗaure ɗan wasa shekara biyar, ya ɗaure kansa da biyan albashinsa shekara biyar, ko yana fili ko yana gadon asibiti.

'Yan Najeriyar da suka ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 sun faɗo daidai kan wannan gaɓa, kuma labarin uku daga cikinsu ya isa ya nuna yadda takarda ke raba makomar mutane. Nwankwo Kanu, wanda ya ci Brazil ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe, ya koma Inter Milan daga Ajax a wannan bazarar. Bayan an riga an ƙulla ciniki likitoci suka gano matsala a zuciyarsa. Aka yi masa tiyata a Cleveland ta Amurka a watan Nuwamba, Inter ba ta yar da shi ba, ya dawo a 1997, a 1999 ya koma Arsenal ya ci kofuna. Emmanuel Amunike, mai ƙwallon da ta kayar da Ajantina a wasan ƙarshe, Barcelona ta ɗauke shi daga Sporting a ƙarshen 1996. Gwiwa ta hana shi sakat. Wasannin lig 19 kacal ya buga mata, bai je gasar cin kofin duniya ta 1998 ba, amma sunansa ya ci gaba da zama a takardun kulob ɗin har 2000.

Na ukun shi ne namu na Kaduna, Daniel Amokachi, wanda ya tashi a Ranchers Bees, ya bi ta Club Brugge da Everton, inda ya ci kofin FA a 1995, sannan Besiktas ta Turkiyya. Shi ya farke wa Najeriya ƙwallo ta biyu a wasan ƙarshen Atlanta. Gwiwarsa ta samu matsala a 1998, wasa ɗaya ya buga a gasar cin kofin duniya da aka yi a Faransa. Da ya bar Besiktas a 1999, bai kai shekara 27 ba, sai ya shiga kasuwa da gwiwa mai ciwo ba tare da wata takarda a bayansa ba. 1860 Munich ta Jamus ta janye bayan gwajin lafiya. Tranmere ta Ingila ma haka. Colorado Rapids ta Amurka ta ɗauke shi a 2002 ta sallame shi kafin ya buga wasan gasa ko ɗaya. Duk wanda ya ga Amokachi yana ture 'yan baya a gasar cin kofin duniya ta Amurka 94 ya san ba ƙwarewa ta ƙare masa ba. Ciwon ya same shi a lokacin da kwantiragi ke dab da ƙarewa, na Kanu kuwa an gano shi tawada ba ta bushe ba.

Kulob-kulob sun koyi darasi, sai ɗakin gwajin lafiya ya zama ƙofar da kowa zai bi. Dokar FIFA ta yau ta ce ba a rataya ingancin kwantiragi a kan sakamakon gwaji, wato in ka sa hannu ka sa, ko me likita ya gano daga baya. Shi ya sa ake ɗaukar hoton gwiwa da idon sawu da zuciya kafin a ɗauko alƙalami. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Manchester United ta dakatar da sayen Ruud van Nistelrooy a 2000 saboda shakkar gwiwarsa, kwanaki kaɗan jijiyar ta tsinke a wurin atisaye, ta jira shi shekara guda ta saya. Stoke ta ƙi Demba Ba a Janairun 2011, ya je West Ham da Newcastle ya yi ta zura ƙwallo. A Agustan 2025 Victor Boniface, wanda jijiyar gwiwarsa ta tsinke sau biyu tun yana Norway, ya je Milan aka gwada shi, cinikin ya wargaje.

Duk da haka manyan kulob ba su daina kasada ba. Real Madrid ta sayi Jonathan Woodgate a 2004 yana jinya, sai bayan fiye da shekara ya buga wasansa na farko. Ta ba Eden Hazard shekara biyar a 2019 kan kimanin yuro miliyan 100, ya buga wasa 76 ya ci ƙwallo 7, aka raba gari a 2023. Amma kafin a ce duk mai yawan rauni asara ne, a tuna da Ousmane Dembélé. Barcelona ta biya yuro miliyan 105 a 2017, ya yi shekaru yana shiga yana fita ɗakin jinya har magoya baya suka gaji da shi. Shi ne ya ci kofin zakarun Turai da PSG a 2025, ya karɓi Ballon d'Or a shekarar. Jikin saurayi ɗan shekara 20 ba ya faɗa wa kowa abin da zai zama a 28.

Abin da Chelsea ta yi bayan Todd Boehly da abokansa sun saye ta a 2022 wani babi ne dabam, kuma a nan na yarda da masu suka. Dokar FIFA ta tsaida kwantiragi a shekara biyar sai inda dokar ƙasa ta yarda da fiye, Ingila kuwa ta yarda. A littafin lissafi ana rarraba kuɗin sayen ɗan wasa a kan shekarun kwantiraginsa. Enzo Fernández ya ci fam miliyan 106.8, a shekara takwas da rabi, abin da zai bayyana duk shekara bai kai miliyan 13 ba, a shekara biyar kuwa ya haura miliyan 21. Da wannan dabara aka sayi 'yan wasa rututu ba tare da karya dokar kashe kuɗi ba. Akanta ne ya tsara tsawon takardar, likita da koci suka biyo baya. UEFA ta toshe ƙofar a Yunin 2023 ta ce rarrabawar kada ta wuce shekara biyar, gasar Firimiya ta bi sahu a Disamba.

Yanzu a dubi abin daga ɓangaren 'ya'yanmu. Umar Sadiq ɗan Kaduna ya koma Real Sociedad daga Almería a farkon Satumban 2022 kan kwantiragin da zai kai 2028. Ya ci Atlético Madrid ƙwallo a wasansa na farko. Kafin wata ya raba, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Getafe, kakar ta tafi. Zaidu Sanusi, ɗan Jega a nan jihar Kebbi, ya bi ta ƙananan kulob na Fotugal, Mirandela da Santa Clara, har Porto ta ɗauke shi a 2020. Ranar 7 ga Mayun 2022 shi ya ci Benfica a gidanta ana dab da tashi, ƙwallon da ta ba Porto kofin lig, a shekarar kuma aka tsawaita masa kwantiragi zuwa 2027. A Fabrairun 2024, kwanaki kaɗan bayan ya dawo daga wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, tasa jijiyar ta tsinke. Aka yi masa aiki, ya yi watanni yana jinya, albashinsa na shiga, likitocin kulob na kansa, ya warke ya koma fili. Ga mai lissafin Porto watannin nan asara ne. Ga Zaidu da duk waɗanda ke ci daga hannunsa, takardar 2027 ita ce ta tsaya tsakaninsu da halin da Amokachi ya shiga.

A gida tarihin ya bi wata hanya, kusan a juye. A shekarun 1970 da 1980 yawancin kulob na kamfanoni ne da hukumomi: WRECA da Bank of the North a Kano, DIC Bees da UNTL a Kaduna. Da yawa daga 'yan wasansu ma'aikatan wurin ne, sunansu na cikin takardar albashi, wanda ƙafarsa ta gaza yana iya komawa ofis ko masaƙa. Ya yi kama da zaman ubangida da yaronsa a al'adarmu, inda jinyar yaro nauyi ne a wuyan ubangida ko ba a rubuta ba. Da aka kafa gasar ƙwararru a 1990, shekarar da aka haɗa Kano Pillars, kamfanonin nan kuma suka yi ta durƙushewa, sai kulob suka koma hannun gwamnatocin jihohi. Aikin ofis ya tafi, aka maye gurbinsa da kuɗin sa hannu da ake biya kashi-kashi, sau da yawa kaka ta ƙare ba a cika ba. Kamfanin LMC da ya karɓi tafiyar da gasar a 2013 ya yi ƙoƙarin gyara, ya soke kuɗin sa hannu ya sa mafi ƙarancin albashi naira 150,000 a wata. Mataki ne mai kyau, amma koke kan bashin albashi bai ɗauke ba. Rasuwar Chineme Martins, wanda ya faɗi a fili a Lafiya ranar 8 ga Maris 2020 a wasan Nasarawa United da Katsina United, ta tilasta wa hukumomi sake duba tanadin likita da motar asibiti a filayen wasa. Wannan a babbar gasa ke nan.

Ƙasa da ita akwai inda Kebbi United ke fafatawa a filin Haliru Abdu, ƙasa da nan kuma ga ɗaruruwan kulob na unguwa daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Jega, inda yara ke buga ƙwallo a kan busasshiyar ƙasa ba takarda ba inshora. Wanda ya karye a kai shi wurin maɗori, kuma maɗoranmu sun iya ƙashi, ba na raina su. Jijiyar cikin gwiwa ce ba ta ɗoruwa. Sai an ɗauki hoto da na'ura an tabbatar, a yi tiyata a dasa wata, sannan a bi da motsa jiki a hannun masani. Wanda bai samu wannan ba kumburin zai saɓe, ya yi tafiya lafiya lau, ya ɗauka targaɗe ne, ranar da ya juya da gudu gwiwar ta sake zamewa.

Don haka idan za a yi wa dokokin gasarmu gyara, ni a ganina tsawon kwantiragi da sharaɗin jinya su ne farko, kafin a zo maganar kyautar cin wasa. Uba ko yayan da zai raka yaro sa hannu ya tambaya a fili: in ya ji rauni, wa zai biya asibiti, kuma albashi zai ci gaba har yaushe? Warkewa daga tiyatar jijiyar gwiwa kan ɗauki wata tara, wani lokaci shekara. Kakar wasa ma kusan wata tara ce. Yaron da ke kan takardar kaka ɗaya, in ya ji ciwo a wasannin farko, ranar da likita zai ce ya fara gudu kwantiraginsa ya riga ya ƙare.