Kuɗin Takarda da Sirrin Hukuma a Ƙasar Wudil

A zamanin mulkin Turawa, Wudil gunduma ce a ƙarƙashin Makaman Kano, kuma takardun da suka shafi mutanenta, kama daga ƙidayar masu biyan haraji da jangali har zuwa rahotannin da Di'o ke aika wa Razdan, an rubuta su ne domin amfanin masu mulki kaɗai. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, 'yan doka da 'yan sandan ciki sun riƙa tattara labarin magoya bayanta, amma talakan da aka rubuta sunansa ba shi da wata hanyar sanin abin da aka faɗa a kansa. Samun 'yancin kai bai sauya wannan ɗabi'a ba, domin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta mayar da fitar da takardar da aka buga wa hatimin sirri laifi. Daga baya an kafa hukumar tsaro ta NSO a 1976, bayan kisan Janar Murtala Muhammad, sannan gwamnatin Babangida ta rushe ta a 1986, ta maye gurbinta da SSS mai kula da cikin gida, da NIA mai leƙen asirin ƙasashen waje, da DIA ta sojoji.

Yunƙurin buɗe wannan ƙofa ya fara a 1993, lokacin da ƙungiyar Media Rights Agenda da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da ƙungiyar kare haƙƙi ta CLO suka tsara daftarin doka, wanda majalisa ta amince da shi a 2007, amma Shugaba Obasanjo ya ƙi sa masa hannu, har sai ranar 28 ga Mayu 2011 Shugaba Jonathan ya mayar da shi Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Sashe na 8 ya taƙaita abin da za a karɓa ga kuɗin kwafe takarda da rubuto ta, ba tare da ya tanadi yafiya ba. A nan dokar ta sha bamban da ta Amurka ta 1966, inda ake iya cajin mai nema har kuɗin awannin da ma'aikaci ya ɓata wajen lalubo fayil, abin da ya sa gyaran 1986 ya fayyace sharaɗin yafiya, wato mai nema ya nuna cewa bayanin zai ƙara wa jama'a fahimtar ayyukan gwamnati, kuma ba kasuwanci ne babban burinsa ba. Ko a can ɗin, dokar 1984 ta keɓe fayilolin ayyukan ɓoye na CIA daga bincike.

Ga mutumin Wudil, tanadin da ya fi amfani shi ne wanda ya ba marar karatu damar nema ta hannun wani, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta, kuma ba a tambayarsa dalilin neman. Sai dai kuɗin kwafi shi ne mafi ƙanƙantar nauyin da ke kansa. Sashe na 11 ya keɓe bayanan tsaro da hulɗar ƙasashen waje, na 12 kuma ya keɓe bayanan binciken laifi, irin waɗanda hafsoshin da ake horarwa a Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil tun 1996 za su riƙa ajiyewa, ko da yake dokar ta hana ƙin bayarwa idan maslahar jama'a ta rinjayi cutarwar. Idan kwana bakwai suka wuce hukuma ta yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, kuma mai nema yana da kwana talatin ya garzaya kotu, inda kuɗin lauya da na mota zuwa Kano ke jiransa, waɗanda babu sashen da ya ɗauke wa manomi ko ɗan kasuwar kara.