Vyacheslav Ekimov: Ɗan Tseren Keken da Ya Ratsa Zamanai Biyu

A zamanin Tarayyar Sobiyat, gwamnati ce ke renon 'yan wasa, ita ke ciyar da su, ita kuma ke zaɓar gasar da za su shiga, don haka 'yan tseren keken ƙasar ba su da damar shiga ƙungiyoyin Yammacin Turai masu biyan albashi, duk da cewa a can ne ake gudanar da manyan gasannin duniya. Wannan ƙofa ta fara buɗewa ne a 1989, a lokacin sauye-sauyen Mikhail Gorbachev, sa'ad da ƙungiyar Alfa Lum ta ɗauki wasu 'yan Sobiyat kamar Dmitri Konyshev da Piotr Ugrumov. Daga cikin mutanen wannan ƙarni, Vyacheslav Ekimov na cikin waɗanda suka fi daɗewa a fagen, kuma tarihinsa ya fi na saura nuna abin da tsohon tsari ya koya wa ɗan wasa da abin da sabon ya buƙata daga gare shi.

An haifi Ekimov ranar 4 ga Fabrairun 1966 a garin Vyborg, kusa da iyakar Finland, ya kuma samu horo a Leningrad ƙarƙashin Alexander Kuznetsov. Farkon shahararsa a filin tsere mai siffar ƙwai ne, inda ake yin tseren bi-ni-in-bi-ka: 'yan tsere biyu kan tashi daga ɓangarori biyu masu fuskantar juna, kowa yana ƙoƙarin cim ma ɗan'uwansa ko ya riga shi kammala kilomita huɗu. Ya zama zakaran duniya a wannan fanni a 1985 da 1986 da 1989, sannan a gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seoul, shi da abokansa uku suka ci wa Tarayyar Sobiyat zinariya a tseren ƙungiya. Wannan horo ya ba shi abin da ya rayu da shi har ƙarshen sana'arsa, wato iya riƙe gudu ɗaya mai tsanani na tsawon lokaci ba tare da numfashi ya ci amanarsa ba.

A 1990 ya koma ƙungiyar Panasonic ta ƙasar Holan, ya shiga gasar Tour de France, wadda ake kewaya Faransa cikin mako uku, a yi tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Ya lashe zango ɗaya a 1991, ya ci gasar Zurich a 1992 da Tour DuPont ta Amurka a 1994. Sai dai manyan duwatsu ba su taɓa zama fagensa ba, shi ya sa 'yan ƙasarsa Evgeni Berzin da Pavel Tonkov, waɗanda suka ci babbar gasar Italiya a 1994 da 1996, suka fi shi suna a wancan lokaci.

Darajarsa ta fito ne a aikin da Faransawa ke kira domestique, ma'ana bara. Mai kallo kan ɗauka tseren keke wasan mutum ɗaya ne, alhali kuwa wanda ke gaba shi ke shan iska, na bayansa kuma yana adana ƙarfi, saboda haka kowace ƙungiya kan ware mutanen da za su tare wa jagoranta iska, su ɗauko masa ruwa, su kuma kamo duk abokin hamayyar da ya tsere. Ekimov ya yi wa Lance Armstrong wannan hidima a ƙungiyar US Postal daga 2000 zuwa 2004. Sau 15 ya shiga Tour de France, kuma sau 15 ya isa Paris, abin da ke da wuya a gasar da faɗuwa da ciwo ke korar mutane da dama kowace shekara.

Lambobinsa biyu na Olamfik a kan titi sun zo ne a tseren agogo, inda kowa ke tashi shi kaɗai, a duba wanda ya fi ƙarancin lokaci. A Sidni a 2000, yana da shekara 34, ya doke Jan Ullrich na Jamus da tazarar daƙiƙa 8, ya bar ubangidansa Armstrong a matsayi na uku. A Atens a 2004 ya zo na biyu bayan Tyler Hamilton, amma da Hamilton ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun hanyoyin ƙara kuzari, sai kwamitin Olamfik ya karɓe zinariyar a 2012 ya miƙa wa Ekimov. A nan ne marubucin tarihi ke taka-tsantsan, domin a wannan shekarar ce aka ƙwace wa Armstrong dukkan nasarori bakwai na Tour de France, biyar daga ciki kuwa da gumin Ekimov aka same su. Lambobin Ekimov suna hannunsa har yau, amma ba a iya raba sunansa da ƙungiyar da bincike ya tabbatar tana da tsarin maguɗi.

Ya ajiye keke a 2006 yana da shekara 40, ya koma cikin masu jagorantar 'yan tsere. A 2012 ya zama babban manajan Katusha, babbar ƙungiyar Rasha a wancan lokaci, wadda hukumar kekuna ta duniya ta hana lasisin manyan gasanni a ƙarshen wannan shekara, kafin kotun wasanni ta maido mata da shi a Fabrairun 2013. A Disambar 2016 aka zaɓe shi shugaban hukumar tseren keke ta Rasha.