Tarihin Allon Tashi Da Allon Shiga A Ƙananan Tsare-Tsaren Linux

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin fuskoki biyu da mai kwamfuta ke fara cin karo da su: allon tashi, watau abin da ke bayyana yayin da na'ura ke farkawa, da allon shiga, inda mutum ke rubuta sunansa da kalmar sirri. Yawanci akan ɗauki sauya su a matsayin ado kawai, alhali tarihinsu ya nuna gardama ce a kan wanda ya cancanci ganin abin da ke gudana cikin na'ura.

Allon shiga shi ne ya girmi ɗan'uwansa. A shekarar 1988 aka fitar da XDM, aikin Keith Packard, tare da tsarin tagogi na X. Ba shi da wata ƙawa, akwati ne da layuka biyu, amma gaisuwarsa da launinsa suna rubuce ne cikin fayil wanda mai kula da na'ura ke iya buɗewa ya gyara.

Shi kuwa tashin Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, shekara da shekaru rubutu ne zalla yake kwarara, yana faɗin abin da ya kama aiki da abin da ya ƙi. Ga injiniya wannan rahoto ne; ga sabon shiga kuwa abin tsoro ne. Windows 95 ta riga ta lulluɓe nata da hoton gajimare, a wani fayil mai suna LOGO.SYS, wanda ba kome ba ne face hoto mai launi 256, har mutane suka gane suna musanya shi da nasu. Ubuntu ta kawo Usplash a 2005. Sa'an nan Ray Strode na kamfanin Red Hat ya rubuta Plymouth, wadda ta fito cikin Fedora 10 a 2008, Ubuntu kuma ta karɓe ta a 2010.

A nan ya kamata mu ɗan dakata. Sauya hoton Plymouth ya fi sauya na allon shiga wuya, domin ana bukatarsa tun kafin na'ura ta gama buɗe ma'ajiyarta. Saboda haka akan cusa shi cikin wani ƙunshi da ake ɗorawa tun farko, mai suna initramfs. Wanda ya sauya hoto bai sake ɗaure wannan ƙunshi ba, tsohon hoton zai ci gaba da gani. Daɗin daɗawa, a tsofaffin na'urori, waɗanda dominsu aka yi ƙananan tsare-tsaren, sau da yawa hoton kan fito a gurguje ko ya koma rubutu. Abin yabo a ganina shi ne marubutan ba su binne rahoton ba: danna Esc yakan yaye labulen.

Wajen allon shiga kuwa, GDM ta yi wa ƙananan na'urori nauyi. Robert Ancell na kamfanin Canonical ya fito da LightDM a 2010, Ubuntu ta mai da ita tata a 2011. Dabararsa ita ce raba aiki biyu: ɓangare guda na tantance mai shiga, ɗaya kuma, mai tarba, shi ke riƙe da hoto da launi. Ta haka Xubuntu da Lubuntu suka sami mai tarba marar nauyi, wanda layi guda cikin fayil ya isa ya sauya masa hoton bango, kamar dai zamanin XDM. Lubuntu ta bar wannan hanya a 2018 da ta koma LXQt da SDDM, inda ake tsara fuskar da harshen QML. An sami ƙarin ƙawa, amma mai son ya taɓa siffar allon, ba hoton kaɗai ba, sai ya koyi harshen tukuna.